Sana'a Sa'a: Kafin Mai Haɗa Garaya Ya Sayi Injin Feshi

A wannan mako filin namu zai waiwayi wasu masu sana'a waɗanda ba a cika tunawa da su ba, watau masu haɗa kayan kiɗa na tsirkiya da hannu. Muna nufin masu sassaƙa garaya da molo, da masu haɗa gurmi da goge da kukuma, da kuma samarin kafintocin nan da suka soma gwada hannunsu wajen ƙera jita. Kowa ya san marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, da Haruna Uji da gurminsa, da Garba Supa da kukumarsa, amma ba safai akan tambayi wanda ya zauna ya haɗa abin da makaɗi yake kaɗawa ba.

A da, mai wannan sana'a ba ruwansa da sheƙi. In ya ɗaure fata ta ɗauru, ya ja tsirkiya ta ba da amo, to ya gama nasa. Sauran aiki na hannun makaɗi ne, domin zufa da maiƙon hannu su ne sukan goge sandar har ta riƙa ƙyalli bayan shekaru. Yau kuwa masu saye sun sake. Akwai makarantu, da ƙungiyoyin raya al'adu, da masu shirya wasan kwaikwayo, da baƙi masu neman tsaraba, kuma yawancinsu ido ne yake fara yi musu ciniki kafin kunne. Saboda haka mai sana'a ya ga tilas ya shafa wa kayansa man sheƙi, kuma da ya ga yadda kujerun kanti suke walƙiya sai zuciyarsa ta raya masa ya sayi injin feshi. A nan ne mutum yake iya zuba ribar shekara guda a kan ƙarfen da ba zai yi masa aiki ba. Abin da muke so mu tabbatar a yau shi ne, arhar kayan feshi ba a kanti ake gane ta ba. Ana gane ta ne bayan mutum ya lissafa kaya nawa yake haɗawa a shekara, da yawan iskar da bindigarsa take sha, da irin wutar da yake da ita.

ASALIN ABIN

Ya kamata mu fara sanin inda feshi ya samo asali, domin sanin asali yakan rage ruɗu. Wani likita ne a birnin Toledo na Amurka, mai suna Allen DeVilbiss, ya ƙera wata 'yar na'ura a 1888 don fesa magani a maƙogwaron marasa lafiya. A 1907 ɗansa Thomas ya juya wannan dabara ta zama bindigar fesa fenti. Daga baya, a 1923, kamfanin DuPont ya fito da fentin mota mai saurin bushewa da ake kira Duco, wanda aka haɗa da sinadarin naitaroselulos. Shi ne kakan man sheƙin nan da masu fenti a garuruwanmu suke kira selulos. Kafin shekarar 1930 masu ƙera jita a Amurka, irin su kamfanin Martin, sun rungume shi, kuma har yau kamfanin Gibson da shi yake gama jitocinsa.

Amma fa a lura. Antonio Stradivari na garin Cremona a Italiya, wanda ya rasu a 1737, gogen Turawan da ya ƙera har gobe ba su da na biyu a daraja, alhali kuwa ya riga bindigar feshi da shekara fiye da 150. Da hannu aka shafa musu banish. Watau injin feshi an ƙirƙiro shi ne don sauri da yawan aiki. Kyau kuwa yana hannun mai aiki.

Akwai kuma bambanci babba tsakanin kujera da abin kiɗa. Kujera ba ta magana, don haka ko an lafta mata man sheƙi mai kaurin fata babu laifi. Abin kiɗa kuwa da karkarwar jikinsa yake fitar da amo. In aka yi masa riga mai nauyi, muryarsa takan dushe. Gwanayen ƙera jita sukan so kaurin man da ya bushe a fuskar katako ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita, watau kamar kaurin takardar rubutu. Wannan ita ce ma'aunin da za a gwada kowane inji da ita: shin yana iya zuba mai siriri, sumul, ba tare da ya yi ambaliya ba?

Ga masu goge da gurmi da garaya akwai ƙarin gargaɗi. Fatar da aka rufe bakin ƙwarya ko akushin da ita, ko ta guza ce ko ta gada ko ta akuya, ita ce maƙogwaron abin, kuma ko ɗigo bai kamata ya taɓa ta ba. Haka nan izgar goge, wadda ƙaro ake goga mata don ta kama. In man sheƙi ya hau ta sai ta riƙa santsi, amo ya ɓace. Mafi kyau a fesa ƙwarya da sanda tun kafin a ɗaure fata. In kuwa an riga an ɗaure, a rufe ta da takarda da salatif, a cire jaki da tsirkiya a ajiye gefe. Bayan ƙwarya yana da santsi na halitta, sai an ɗan bi shi da sanfefa mai laushi kafin mai ya kama.

HANYOYI HUƊU

Hanya ta farko ba ta bukatar inji ko kaɗan. Ita ce shafa shalak da ƙunshin tsumma. Shalak wani ƙaro ne da wasu ƙwari suke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, ana jiƙa shi a sifirit, a sa auduga cikin farin ƙyalle, a riƙa zagaya katako da shi a hankali, shafi bisa shafi. Da wannan hanya ake gama jitocin Sifen masu tsada har yanzu, domin babu abin da ya kai ta siranta. Aibinta biyu ne: tana cin lokaci, kuma ba ta jure zufa da zafi kamar selulos. Banish na buroshi ma yana cikin wannan sahu.

Hanya ta biyu ita ce gwangwanin feshi, wanda aka riga aka haɗa mai da iska a ciki. Ga wanda yake haɗa kaya uku ko biyar a shekara, wannan ya ishe shi. Babu wanki, babu wuta, babu gyara. Sai dai man da ke ciki an tsinka shi ƙwarai, don haka jita guda takan lashe gwangwani da dama, kuma in gwangwani ya kusa ƙarewa yakan soma tofi. A karanta jikinsa a tabbata mai haske ne na katako, kuma kada a haɗa iri biyu a kan abu guda, domin wani yakan tayar da wani ya yamutse.

Hanya ta uku ita ce kwamfaresa da bindiga, irin ta masu fentin mota da kafintoci. Ta huɗu kuwa ita ce injin fanka, wanda ba shi da tanki, sai wasu fankoki a jere cikin akwati suna hura iska ta wata mesa mai kauri zuwa bindiga. Waɗannan biyun su ne suke cin kuɗi, don haka za mu tsaya a kansu.

Amma kafin nan, ga abubuwa biyu da mai kanti zai iya miƙo maka, ka ce a'a. Na ɗaya shi ne injin fentin bango, mai tunkuɗa fenti da ƙarfi ba tare da iska ba. Wannan zai iya cika bayan garaya da mai kafin ka ƙifta ido. Na biyu shi ne 'yar bindigar roba mai waya a jiki, wadda bakinta yakan kai milimita 2 ko fiye. An yi ta ne don ƙofofi da shinge, kuma ɗigon da take fitarwa ya yi girma ga aikinka. Arha ce, amma irin arhar da ba ta ado.

LISSAFIN ISKA

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara sayen bindiga, sa'an nan a nemo mata kwamfaresa. Kamar mutum ne ya sayi ingarman doki bai tanadi dawa ba. Kowace bindiga tana da yawan iskar da take sha a minti, kuma ana rubuta shi a takardarta, ko da lita ko da haruffan CFM. CFM ɗaya daidai yake da lita 28 da 'yan kai.

Tsohuwar bindiga mai ƙarfin iska tana watsa mai da kyau, amma wajen kashi biyu cikin uku na man a iska yake tafiya. Bindigar zamani da aka rubuta wa HVLP tana fitar da iska mai yawa a hankali, ƙarfinta a baki bai wuce 10 ba a ma'aunin PSI, kuma an tsara ta ne don wajen kashi 65 cikin 100 na mai ya sauka a kan aiki. Wannan riba ce ga aljihu da huhu. To amma babbar bindiga irin wannan takan sha lita 300 zuwa 400 a minti. Ƙaramar kwamfaresar nan kuwa mai tankin lita 25 ko 50 da ƙarfin doki 2, wadda ita ce talaka yake iya saye, ko an rubuta mata lita 200 a jiki, wannan lissafin iskar da take zuƙa ne. Wadda take bayarwa a zahiri ba ta cika wuce kashi biyu cikin uku na hakan ba. In aka haɗa su, za a fara feshi lafiya, kafin a kai ƙarshen jita iska ta yi sanyi, mai ya riƙa fita gudaji gudaji, fuskar aiki ta koma kamar ɓawon lemo. Girman tanki ba ya maganin wannan, jinkirta shi kawai yake yi.

Magani shi ne mutum ya tuna cewa ba mota zai fesa ba. Garaya ba ta kai faɗin murfin mota ba, balle kukuma. Abin da ya dace shi ne ƙaramar bindiga ta gyaran tabo, mai kofi a sama, mai baki milimita 1.0 zuwa 1.3, wadda take shan lita 100 zuwa 150 a minti. Akwai kuma masu alamar LVLP da aka yi musamman don ƙaramar kwamfaresa. Kofin sama ya fi na ƙasa a wannan aiki, domin ko mai kaɗan ne ka zuba zai gangaro har ƙarshe, kuma wankinsa ya fi sauƙi. In za ka saya, ka kwance hular bakin ka duba ramukanta ko sun fita daidai, ka ja kunama ka ji ko allura tana tafiya sumul, ka tambaya ko ana samun allura da baki na canji. Bindigar da ba ta da kayan gyara, ranar da ta faɗi ranar ta mutu.

Bayan bindiga akwai wasu ƙananan abubuwa biyu waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma rashinsu yana ɓata aikin wata guda. Ɗaya ita ce matatar ruwa da mai. Iskar da aka matse takan tara ruwa a tanki da mesa, kwamfaresa mai amfani da baƙin mai kuma takan ɗan turo shi cikin iskar. Ɗigon ruwa yana sa ƙuraje, ɗigon mai kuwa yana buɗa 'yan ramuka kamar idon kifi. A sa matatar nesa da injin, kusa da bindiga, inda iska ta riga ta huce, a kuma riƙa buɗe 'yar kusar ƙarƙashin tanki kullum ruwa ya zube. Na biyu shi ne ƙaramin agogon daidaita iska a gindin bindiga. Wanda yake tunanin aron iska wurin mai faci, ya san cewa tasa iskar ta taya ce, ba ruwanta da tsabta.

Injin fanka kuwa ya kuɓuta daga wannan duka. Iskarsa ba ruwa ba mai, ba ta yankewa, ga shi mutum yana iya ɗaukarsa da hannu ɗaya. Ana auna shi da yawan fankokin da ke ciki, kuma mai uku shi ne mafi ƙanƙanta da za a dogara da shi wajen aiki mai kyau. Kamfanoni irin su Fuji da Apollo sun yi suna a kansa. Sai dai yana da tsada, kayan gyaransa ba a kowace kasuwa suke ba, kuma iskarsa da ɗumi take fita, abin da yake sa mai ya soma bushewa tun bai sauka ba. Wanda zai sayi na hannu da aka shigo da shi, lalle ya duba bayansa: na Amurka da wuta 120 yake aiki, tamu kuwa 230 ce, in aka jona shi kai tsaye ƙonewa zai yi nan take.

Batun wuta ma lissafi ne. Kwamfaresa mai doki 2 tana cin wat 1,500 tana cikin tafiya, amma a lokacin tashi takan ja ninki biyu ko uku na wannan. Ƙaramin janareta ba zai tashe ta ba. In sai ka sayi babban janareta don ka yi feshi, to ka haɗa kuɗinsa da na fetur cikin kuɗin injin tun kafin ka ce ya yi arha.

DAMINA, HUNTURU DA BAZARA

Injin da ya fi kowane tsada ba ya rinjayar yanayi. Da damina, musamman a watan Agusta, ko a garuruwan kudu irin su Ikko da Fatakwal, laima takan shiga cikin selulos ya yi fari kamar an shafa masa alli. Maganinsa a yi feshi da hantsi bayan rana ta ɗaga, ko a ƙara ɗan tina mai jinkirin bushewa. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, sai an yayyafa ruwa a ƙasa, an kewaye wurin da labule. Da bazara, a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri inda zafi yakan haura 40, mai yana bushewa a hanya ya sauka kamar yashi, don haka da sassafe ake yi.

A riƙe bindiga kamar taƙi ɗaya daga aiki, watau santimita 15 zuwa 20, a tafi da hannu a miƙe, kowane layi ya hau rabin na bayansa. A fara da sila shafi biyu, sa'an nan a bi da mai siriri, shafi uku a yini da tazarar sa'a guda. In an gama a rataye abin mako uku ko huɗu kafin a bi shi da sanfefa mai ruwa, daga lamba 800 har 2000, a goge. Mai gaggawa a nan yakan ga sheƙinsa ya lotsa bayan wata guda. A fara koyo a kan fasasshiyar ƙwarya da guntun katako, kuma a wanke bindiga da tina da zarar an gama, domin yawancin bindigogin da ake zagi rashin wanki ne ya kashe su.

RAI YA FI DUKIYA

Akwai abin da ya kamata a saya tun kafin bindiga, shi ne takunkumi mai gwangwanin gawayi biyu a gefe, wanda aka yi don tururin sinadari. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci, ko takunkumin asibiti, ƙura kaɗai suke tarewa. Tururin tina yana wucewa, ya sa jiri da ciwon kai, in an daɗe kuma ya taɓa jijiya da hanta. Madarar da wasu masu fenti suke sha bayan aiki ba ta wanke komai. Man motar nan da ake haɗawa da mai busarwa ya fi haɗari, domin yana ɗauke da sinadarin da yake jawo asma mai tsanani, kuma ko takunkumin gawayi ba a dogara da shi a kansa. Mai ƙaramar sana'a ya bar shi.

Selulos kuma ɗan'uwan albarushi ne. A 1929 faifan hoton ƙashi da aka yi da wannan sinadari ya kama wuta a wani asibiti a birnin Cleveland na Amurka, mutum 123 suka rasu. Kada a yi feshi kusa da murhu, ko taba, ko janareta, ko fankar ɗaki wadda take iya tartsatsi. A yi a rumfa mai shan iska, nesa da yara da ɗakin kwana.

TAƘAITAWA

Wanda kayansa ba su wuce biyar a shekara ba, ya tsaya ga tsumma da buroshi ko gwangwani, ya sa kuɗinsa a katako mai kyau. Wanda yake haɗa ɗaya ko biyu a wata, ya tara su ya kai wa mai fesa kujeru, ya tsaya a kansa ya ce siriri yake so. Ko kuwa su haɗu su huɗu ko biyar su yi adashi su sayi kwamfaresa guda, kowa da bindigarsa. Wanda aikinsa ya kai kowane mako yana da abin fesawa, shi ne ya isa sayen nasa, kuma ga jerin da zai bi: takunkumi, sa'an nan kwamfaresa gwargwadon wutarsa, sa'an nan matata da agogo, daga ƙarshe ƙaramar bindigar da iskar za ta iya ɗauka. Injin fanka ya dace da wanda ya riga ya kafu, kuma ya san inda zai sami kayan gyara.

Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Makaɗi in ya zo saye, zai yaba ƙyalli da ido, amma sai ya ɗora yatsa a tsirkiya ya ji amo kafin ya sa hannu a aljihu. Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya tsare mu da asara. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.